Yadda Rakiya Lauje Ta Miƙe

Shekara ashirin da biyu ina jan mota tsakanin Gummi da Anka, kuma a cikinsu ba na cin tuwon rana sai a rumfar Inna Rakiya, wadda ke bakin tashar Gummi, kusa da masu faci. Sunana Namadi. Labarin ba nawa ba ne, amma motata ta shiga cikinsa har sau uku, shi ya sa nake ganin na fi kowa cancantar ba da shi.

Inna Rakiya 'yar Bukkuyum ce, aure ya kawo ta Gummi. Mijinta, Malam Makau, manomin shinkafa ne a fadama, mutum mai sanyin hali. Idan ka gaishe shi a ƙofar gidansa, sai ka kai bakin titi kafin amsar ta iso ka. Ita kuwa wuta ce. Tana magana tana tuƙi, tana tuƙi tana faɗa, tana faɗa tana kwasa. Ta haifi 'ya'ya bakwai, ta raine su da muciya a hannu. Ta fara sana'ar da tukunya ɗaya, ta kai ga manya uku: ta tuwon shinkafa, ta tuwon dawa, da ta miya.

Murhunta duwatsu uku ne a ƙasa, irin na kowa. Kujerarta kuma 'yar tsugunno ce wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba, ta gaje ta daga innarta, kuma ba ta yarda kowa ya zauna a kai. Tun hantsi take duƙe a kan tukunya har la'asar. Idan za ta ɗauki bokitin ruwa, ƙafafunta a miƙe take duƙawa, ta fizge shi da hannu ɗaya kamar wanda ya yi mata laifi. Shekara talatin a haka. A hankali bayanta ya lanƙwashe, har 'yan tasha suka sa mata suna Rakiya Lauje. Ba wanda ya taɓa faɗar sunan a gabanta, domin kowa na son ya ci tuwo.

Saboda duƙon nan, da takalmi take gane mutane. Ka zo ka tsaya, ta dubi ƙafarka, ta ce, "Na dawa, malmala biyu, ban da yaji." Wata sallah na sayi sabon takalmi na je rumfar, sai ta ce mini, "Baƙo, daga ina?"

Ciwon ya fara ne daga ƙugu, ya hau gadon baya, ya sauka cinyar hagu. Ba ta ɓoye shi ba. Duk wanda ya ci tuwonta ya ci da labarin bayanta. Magani kuwa babu wanda ba ta gwada ba. Wanzami ya yi mata ƙaho har bayanta ya zama kamar gurbin dara. Ta sha jiƙo mai ɗaci, ta sha mai bauri. Ta sayi garin nan na masu mota da lasifika da ke zuwa ranar kasuwa, wanda suke cewa yana maganin ciwon baya da basir da mantuwa da faɗuwar gaba. Ta shafa man zafi, wata rana ta manta ta sosa ido da hannun, ranar ba a ci tuwo a tasha ba. Amma abin da ta fi yarda da shi allura ce. A wurinta, ciwon da bai ga allura ba bai ga magani ba. Idan aka yi mata, sai ta samu kwana uku tana yabon mai kemis, a na huɗu ta koma tsine wa ƙugunta.

Akwai mutum ɗaya da ke iya tsokanarta ya kwana lafiya: Hure, wata Bafulatana da ke kawo mata man shanu daga rugarsu. Hure ta girme ta da kusan shekara goma, amma tana tafe da ƙwarya a kai a miƙe kamar tabarya.

"Kaɗo, mi kika yar a ƙasa ne kike nema tun bara?" in ji Hure duk ranar da ta zo.

"Hankalinki nike nema, ban gan shi ba," Inna Rakiya za ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Ranar da abin ya kai maƙura wata Talata ce da damina. Ta duƙa za ta sauke tukunyar miya, ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, sai ta ajiye. Daga nan ba ta ƙara motsi ba. Ta tsaya a duƙe, hannuwa a kan gwiwa, fuska na kallon toka. Muna zaune mu huɗu a kan benci muna jiran miya. Mun ɗauka wani abu take dubawa a wutar. Sai da aka jima ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ban san tana da ita ba, "Namadi, tahi ka kira Malam."

Malam Makau ya iso da taɓo a ƙafa. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna don ya ga fuskarta, ya ce, "Rakiya, lahiya?"

"Lahiya lau. Nishaɗi nike yi."

Aka yi shawara a kai ta asibiti a Anka, domin wani ɗan kamasho ya ce akwai wani likita can da ya tayar da ƙaninsa bayan haɗarin babur. Shigar da ita mota ya zama aiki, tunda ba ta miƙuwa kuma ba ta zaunuwa. A ƙarshe muka kwantar da kujerar baya, muka ɗauke ta mu uku yadda take a lanƙwashe, muka ajiye ta a kan gefenta. Duk hanyar, kowane rami na faɗa sai ta ambaci sunana da na mahaifina.

A asibitin aka duba ta, aka ba ta ƙwayoyi, aka bar ta ta kwanta har jijiyar ta ɗan saki. Washegari wata ma'aikaciya ta zo ta ce za a kai ta sashen gashin ƙashi. Inna Rakiya ta kama hannun mijinta.

"Malam, ka ji mi ta ce? Gasa ni za su yi."

"Ba da wuta ba ne, Inna," in ji ma'aikaciyar.

"To da mi ake gashi a garinku?"

Mai gashin ƙashin wani siririn mutum ne mai suna Mas'ud, ba zai wuce shekara arba'in ba. Mutanen Anka sun san shi tun lokacin da yake koya wa yaran ƙauyukan da gubar dalma ta taɓa zama da tafiya, kuma aikin ya bar masa haƙurin da ba a saba gani ba. Babu wuta a ɗakinsa, babu allura. Gado ne, da tabarma, da kujeru biyu, da bokiti. Ya gaishe ta, ya tambaye ta sana'arta, ya saurari tarihin ciwon tun daga haihuwar ɗanta na huɗu bai katse ta ba. Ya danna nan, ya danna can, ya sa ta ɗaga ƙafa. Sannan ya nuna bokitin, wanda babu komai a ciki.

"Inna, ki nuna mini yadda kike ɗaukarsa."

Ta dubi Malam Makau, ta dube ni. "Ɗan nan, asibiti aka kawo ni ko wankau?"

Amma ta ɗauka, yadda ta saba. Ya ce ta nuna masa yadda take zama wurin tuƙi, ta nuna da hannu iya tsawon kujerarta. Sai ya ce, "Ƙashinki lafiya yake. Bayanki ne ya gaji. Shekara talatin shi kaɗai yake aiki, gwiwoyinki suna hutu."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. A ɗaga murhu ya kai ta tsaya ta yi tuƙi ba duƙo. A samo kujera mai tsayi wadda in ta zauna ƙafafunta za su taka ƙasa sosai. In za ta ɗauki kaya ta matso kusa da shi, ta lanƙwasa gwiwa, ta rungume shi a jiki, ta tashi da ƙarfin ƙafa. Duk ta kwashe malmala goma ta ajiye mara, ta dafa ƙugu, ta miƙe a hankali tana jan numfashi. Da safe kafin ta fito ta kwanta rigingine, ta jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ta saki, ta jawo ɗayar. Ta dafa bango da tafukanta, ta ja baya kaɗan, ta bar bayanta ya miƙe. Kullum ta yi 'yar tafiya ba kaya a kai. Kowanne sau biyar, ba gaggawa, kuma duk wanda ta ji ya soke ta ta bar shi.

Ta saurara har ya gama, sannan ta fara naɗe hannun rigarta.

"To, a yi mini allurar mu tahi."

"Babu allura, Inna."

"Ta ƙare?"

"Akwai. Ba ki buƙata ne."

A hanyar komawa ba ta zagi ramuka ba, Mas'ud ta zaga. Tun daga Anka har Ɗaki Takwas tana lissafa abin da ke damun yaran zamani. Ta ce an ɗauko ta tun daga Gummi don a koya mata ɗaukar bokiti, ita da ta ɗauki bokiti kafin a haifi uwarsa. Sai da muka hango gari, sannan Malam Makau ya ce, "Ai ko ba ki iya abin da ya ce, ba laihi. Shekaru ne."

Na dube shi ta madubi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Har yau ban sani ba ko da gangan ya faɗa.

"Ni ce ban iyawa?" in ji ta. "Kwana arba'in zan yi ina yi. Ranar na arba'in Namadi ya maishe ni Anka, in tsaya gaban yaron ga a duƙe, in ce mishi ga aikinka."

Haka ta fara, don ta kunyata shi. Amma da halinta ta fara. Ta ga sau biyar kullum wasa ne, don haka safiyar farko ta haɗa na mako guda ta yi gaba ɗaya, da sauri, kamar mai sussuka. Kwana biyu ba ta fito ba. Malam Makau ya kira Mas'ud a waya, ya kara mata a kunne. Ina wurin, na ji yana tambayarta, "Inna, in mutum ya zuba garin tuwo duka lokaci ɗaya, ya tuƙa da sauri, me zai samu?"

"Gudaji," ta ce.

"To."

Ta miƙa wa mijinta wayar. "Kashe. Shina da baki, yaron ga."

Aikin murhu Malam Makau ya ɗauka. Ya kwaɓa laka, ya jera tubali, ya yi kwana uku yana gini a rumfar, bai auna matarsa ba. Da aka ɗora babbar tukunya, bakinta ya zo daidai goshin Inna Rakiya. Ta tsaya a gabanta da muciya, ta ce, "Malam, raƙumi ka aura?" Ya rushe layi biyu, ya zo daidai. Duk da haka ta yi mako tana ƙorafin cewa mace mai girki a tsaye ta zama mai shayi. Kafinta ya yi mata sabuwar kujera mai maƙari. Tsohuwar ta innarta kuwa ta ƙi a mayar da ita gida. Ta ɗora kwanon gishiri a kai.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne lanƙwasa gwiwa. Ta ce in ta yi sai ta ji kamar tana gaida surukai. Wata safiya Hure ta iso da man shanu, ta same ta tana fama da bokiti. Ta matso, ta sauka a hankali da ƙwaryar a kanta, bayanta a miƙe, har ta kai ƙasa, ta sauke, ko ɗigo bai zuba ba. Inna Rakiya ta ƙura mata ido.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Nono. In ka duƙa ya zube, a gida a ba ka kashi."

"Sake in gani."

Hure ta sake. Ta sake har sau uku, kuma ta tabbatar duk tashar ta ji cewa yau Kaɗo ce ke ɗaukar karatu wurin Bafulatana. Inna Rakiya ta haɗiye maganar, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Rumfar ba ta da bango, buhuna ne da zana. Don haka da lokacin dafa bango ya yi a rana ta goma sha wani abu, sai ta duba ta ga motata a tsaye gefen rumfar, ni kuma na shiga ciki wurin lodi. Ta je ta dafa bayan motar da tafukanta biyu, ta ja ƙafa baya, ta sunkuyar da kai, ta rufe ido tana jan numfashi kamar yadda aka ce mata. Wasu matasa masu faci suka hango tsohuwa ita kaɗai tana tura mota. Kunya ta kama su. Su biyar suka taso, ba wanda ya tambayi kowa, suka sa kafaɗa. Motar kuwa birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, dutse nake sa mata, kuma dutsen ranar ƙarami ne. Ta haye shi, ta gangara a hankali, ba kowa a ciki, ta ratsa tsakanin babura biyu, ta je ta tsaya da hancinta cikin tulin kankanar wani mutum.

Na fito na tarar da jama'a sun taru, mai kankana yana riƙe da rabin kankana yana neman mai mota, matasan suna nuna juna. Inna Rakiya na tsaye inda motar take a da, hannuwanta har lokacin a miƙe. Ta buɗe ido ta ce, "Saura biyu ban gama ba."

Ranar mai kankana ya ci tuwo da nama, matasan suka ci ba nama, ni kuma na gyara birki.

Ban san ranar da sauƙin ya fara ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da muka lura da shi shi ne labarin baya ya fara raguwa a cikin tuwon. Sai aka wayi gari tana yi wa mai itace faɗa na tsawon lokaci ba ta dafa ƙugu ba. Wata rana na zo na tsaya, maimakon ta dubi ƙafata sai ta dubi fuskata, ta daɗe tana kallo.

"Namadi, yaushe ka yi furfura haka?"

"Ta kai shekara takwas, Inna."

"Ba wanda ya gaya mini."

Ranar na arba'in na zo da mota kamar yadda aka yi alkawari. Ta shiga gaba ta zauna da kanta, da kwanon tuwo a cinya ɗaure da ƙyalle. A hanya ta gwada maganar da za ta faɗa wa Mas'ud, amma na ga ba ta da ƙarfi. Da muka isa ƙofar ɗakin, sai ta tuna cewa a duƙe ta yi niyyar shiga. Ta lanƙwashe, ta yi taku uku, ta ji ba daɗi, ta miƙe.

Mas'ud ya tashi ya gaishe ta. "Inna, ya jiki?"

"Shina nan."

"Ya ragu?"

"Ban ce ba."

Ya ajiye biro a ƙasa kamar faɗuwa ya yi. Kafin ya duƙa, ta matso, ta lanƙwasa gwiwa, ta sauka a miƙe, ta ɗauko ta ba shi. Sai da ta tashi ta gane abin da ya yi mata. Ta harare shi, ta dangwara masa kwanon a kan tebur.

"Ci. Ka rame. Likita da kai kamar karan dawa."

Ya ƙara mata motsi biyu, ya gaya mata gaskiya cewa ciwon da ya shekara talatin ba ya tafiya gaba ɗaya, zai riƙa leƙowa, musamman in ta yi aikin ƙarfi ko ta bar motsin. Haka kuwa aka yi. Lokacin bikin autarta ta yi kwana uku a duƙe kan tukwanen gida, ta kwanta mako guda. Ta tashi ta koma kan sau biyar ɗinta, ba ta nemi mai kemis ba. Bayan bai miƙe sarai ba, akwai sauran lanƙwasa a sama, amma tana tafiya daga gida zuwa tasha ba ta tsaya hutawa, kuma tana sallarta a tsaye, wadda ta shekara shida tana yi a zaune.

Wahalar sai ta dawo kanmu. Yanzu ba a cin tuwo a rumfar a dunƙule. In ka zauna ka tura wuya gaba kamar kunkuru, za ta riƙe kwanonka a hannu har sai ka gyara zama. Direbobi ta fi matsa wa. Ta ce mu duka gurguwar tafiya muke yi, kamar an ciro mu daga buhu. Ni ta sa na cire tsumman da nake cusawa a gefe ɗaya na kujerata, kuma duk na yi doguwar tafiya sai na fito na zagaya motar sau biyu kafin na zauna cin abinci. Fasinjoji suna ɗauka taya nake dubawa. Wani ɗan dako da ta gani yana fizgar buhun shinkafa da baya, ta bar tukunya a wuta ta bi shi har bakin mota, ta sa ya sauke ya sake ɗauka. Mutumin ba ɗan garin ba ne, bai san ta ba, amma ya yi.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta, Malam Makau. Shi ma dashen shinkafa ya cinye masa ƙugu, in zai tashi daga tabarma sai ya yi shiri kamar mai tafiya Makka. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ya ce shi namiji ne, ba zai kwanta rigingine yana harba ƙafa kamar jinjiri ba. Sai kwanan baya ta ba ni labari, tana kwasar tuwo tana magana ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji. Ta ce ta fito da safe za ta ɗebi dawa, sai ta hango shi a bayan rumbu, ya shimfiɗa buzunsa, ya kwanta, ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, bakinsa na motsi yana ƙirgawa.

"Me kika ce masa?" na tambaye ta.

"Ba komi. Na koma ɗaki na jira ya gama." Ta zuba mini miya, ta ƙara da ɗan man shanu. "Daidai shike yi, ka san shi da nawa. Abin ga kamar don shi aka yi shi. Amma kada ka kuskura ka nuna mishi ka sani."

Ban nuna masa ba. Da na gan shi ranar Juma'a yana tahowa daga masallaci, na gaishe shi kawai, na tsaya na jira amsar.